Hankici Biyu a Safar Tamsin

Shekara ashirin da shida ina sayar da shayi da mitfai, wato gasasshen fulawa mai nama a ciki, a filin ƙwallon Holmbeck, kuma a tsawon shekarun nan ban ga al'adar da take ba ni haushi kamar wannan ba: wai idan ɗan wasa ya ci tsohuwar ƙungiyarsa, ba zai yi murna ba. Sai ya tsaya ƙiƙam, ya ɗaga hannuwa biyu, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya fasa tagar maƙwabta. Babu inda aka rubuta wannan doka. Na tambayi alƙalan wasa uku, na tambayi wani ɗan jarida da ya tsaya cin mitfai a rumfata, kowa ya ce ai ba doka ba ce, ladabi ne. To, ladabin nan shi ya kusa haukata gidanmu.

Sunana Glenda Oldroyd. Wadda zan ba ku labarinta 'yar ƙanena ce, Tamsin, 'yar wasan gaba mai lamba tara. Idan kuka gan ta a fili sai ku rantse ba ta da tausayi, ga gudu ga kafaɗa kamar ta mai sauke buhu. Amma a hannuna ta yi rabin ƙuruciyarta, na san halinta. Yarinyar nan idan ta yi karo da turken raga sai ta ba shi haƙuri. Na taɓa gani da idona wata 'yar baya ta take mata ƙafa da gangan, Tamsin ta tashi tana ɗingishi ta bi ta tana tambaya ko ba ta ji ciwo ba.

Sai kuma babana, Wilf, kakanta. Garinmu yana da rawarsa tun kafin a haifi kakan kakana. Ranar ɗaya ga watan Mayu maza suke sa fararen kaya, su ɗaura ƙararrawa a ƙwauri, kowa ya riƙe farin hankici a kowane hannu, su yi ta tsalle a gaban mashaya suna kaɗa hankicin sama. Ban ce rawar tana da kyau ba. Ƙartin maza masu tumbi da gemu suna tsalle da hankici, ai ba sai na yi dogon bayani ba. Amma tamu ce. Ina yarinya su goma sha biyu ne. Wasu suka mutu, wasu gwiwa ta ci amanarsu, ɗaya ya koma Sifaniya ya ce ya gaji da ruwan sama. Aka bar Baba shi kaɗai da jakar ƙararrawa, babu saurayi ko ɗaya a garin da ya yarda ya koya.

Tamsin ce ta yarda, tana da shekara shida. Kullum da yamma suna bayan gida tsakanin igiyar shanya da kunyar kabeji, ina jin su daga kicin.

"Da ƙafar dama ake farawa, Tamsin! Dama! Ɓangaren da kike riƙe cokali!"

"Kaka, ai ni da hagu nake riƙe cokali."

"To ki canza cokalin!"

Ba ta canza ba. Bahaguwa ce har ƙafa, kuma wannan hagun ce daga baya ta ciyar da ita. Tana da shekara tara ta yi masa alkawari, ni ce shaida, cewa ranar da ta ci ƙwallonta na farko a matsayin ƙwararriyar 'yar wasa, za ta zaro hankici biyu daga safarta ta yi rawar Holmbeck a gaban duniya. Baba ya ce, "To, mu gani," ya juya yana gyara igiyar shanyar da babu abin da ya same ta.

Kafin in ci gaba, akwai wani laifina da ya kamata ku sani. Lokacin da Tamsin za ta shiga ƙungiyar yara mata ta Holmbeck, sakatarenmu Mista Pogson ya ba ni takardar rajistarta in jefa a akwatin gidan waya. Ranar ana ruwa. Na sa ta a cikin tsohon gwangwanin biskit kada ta jiƙe, na ɗora a saman kantar rumfata, shi ke nan na manta. Bayan shekara biyu yaran suka ci kofin gunduma, ci biyu da nema, duka biyun Tamsin ce ta zura. Shi ne kofi ɗaya tak da Holmbeck ta taɓa ci cikin shekara casa'in. Aka yi masa akwatin gilashi. Mista Pogson yana goge shi kowace Asabar da wani tsumma na musamman wanda ba ya bari a taɓa. Mako ɗaya bayan bikin ina neman wurin zuba sukari, na buɗe gwangwanin, sai ga takarda da kan sarki a manne. Ƙa'ida kuwa a fili take: ƙungiyar da ta sa 'yar wasan da ba ta da rajista, a mayar da kofi. Mutanen ofishin gunduma ba su taɓa dubawa ba. Na rufe gwangwani, na tura shi can ƙurya, na yi shiru shekara goma sha biyu.

Tana da shekara goma sha bakwai babbar ƙungiyar Aldermoor ta ɗauke ta. Muka yi murna, Baba ya sayi sababbin hankici guda biyu ya goge su da kansa. Sai dai manyan ƙungiyoyin nan idan suka ɗauki yarinya ba sa ta suke yi a wasa ba, aro suke ba da ita ga ƙanana ta koyo aiki. Suka ba da aron Tamsin ga Saltby, ta yi shekara tana ɗumama benci. Daga nan suka tura ta Wexcombe. A nan ta ci ƙwallonta na farko.

Muna zaune a falo gaban talabijin, ni da Baba. Ta yanke 'yan baya biyu, ta ɗirka da hagu, raga ta girgiza. Baba ya miƙe tsaye, shayinsa ya zube a kan kyanwa. Muka ga ta sunkuya za ta kai hannu safa, sai ta tsaya. Ta miƙe a hankali, ta ɗaga hannuwa biyu, ta sunkuyar da kai.

"Me take yi?" in ji Baba.

"Saltby suka ci, Baba. Tsohuwar ƙungiyarta ce."

Ya daɗe yana kallon talabijin ɗin. Sannan ya zauna ya ce, "Ta kyauta. Yarinya mai tarbiyya." Ni kuwa na je kicin na zagi tukunya.

Daga Wexcombe aka aika ta Dunholt, ta ci Wexcombe. Daga Dunholt aka aika ta Marlpit, ta ci Dunholt sau biyu, ta ci Saltby. Kafin Aldermoor su dawo da ita gida tana da shekara ashirin da ɗaya, ta saka rigar ƙungiyoyi biyar a rukunin da ƙungiyoyinsa goma sha biyu ne kacal. Kuma abin haushin, su kaɗai take iya ci, saboda ta zauna da 'yan bayansu, ta san wadda ba ta iya juyawa ta hagu, ta san wadda take rufe ido idan ƙwallo ya taso sama. Ƙwallo goma sha huɗu ta ci a tarihinta na ƙwararriya, sau goma sha huɗu ta ba da haƙuri. 'Yan kallo suka sa mata suna Ayi-haƙuri. Har riguna aka buga da hotonta ta ɗaga hannu, fuska kamar ta mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Sau biyu muka kusa. Na farko da Penmouth ne, waɗanda ba ta taɓa bugawa ba. Ta ci, ta zaro hankici ɗaya, ta ɗaga ƙafa, sai ga tuta a sama, satar gida. Ta tsaya da hankici a hannu a gaban mutum dubu huɗu, ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta fyace majina da shi ta mayar. Na biyu da Ravensby ne. Wannan kam ci ne mai kyau, babu tuta, babu komai. Hankici biyu suna hannunta, sai kyaftin ɗin Ravensby ta ruga ta raɗa mata wani abu a kunne. Muka ga Tamsin ta ninke hankicin ta mayar cikin safa, ta ɗaga hannuwa.

Na buga mata waya tun ba ta fito daga wanka ba.

"Ke, wane irin iskanci ne wannan? Yaushe kika buga wa Ravensby?"

"Gwaggo, na manta ne. Ina shekara sha biyar na je gwaji wurinsu na kwana uku."

"Gwaji! Ba su ma ɗauke ki ba!"

"Amma a gidan mamar kyaftin ɗin na sauka. Har ƙwai biyu take soya mini da safe."

"Saboda ƙwai biyu kika hana kakanki rawarsa?"

"Da tsiran alade, Gwaggo. Ba zan iya ba, sai a ce ban da kunya."

Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan zo ina nadama.

Da kaka ta shigo na kai Baba wurin likitan ido, saboda ya zuba gishiri a shayi sau biyu kuma ya gai da akwatin gidan waya a zaton maƙwabciyarmu Misis Tansley ce. Likita ta haska, ta duba, ta ce tsakiyar idon ce take mutuwa, duka biyun, kuma babu aikin da zai dawo da ita. Ta ce kafin bazara ba zai riƙa gane fuskar mutum ba sai in mutumin yana daf da shi. Baba ya yi mata godiya, ya ba ta haƙurin ɓata mata lokaci. A mota da muka kusa gida, sai ya ce in tsaya a kanti zai sayi sitaci. Kowane mako yana wanke hankici biyu, ya goge, ya aika wa Tamsin ta gidan waya. Bai fasa ba ko da ya fara ƙona gefensu. Raina ya ɓaci ƙwarai a watannin nan, kuma duk wanda ya sayi shayi a wurina ya ɗanɗana.

Kafin Kirsimeti talabijin ta zama masa hayaƙi mai motsi. Filayen manyan ƙungiyoyi kuwa kujerunsu suna can nesa, ko mai lafiyar ido sai ya ƙanƙance. Fili ɗaya ne a duk Ingila da Baba zai iya ganin rawar nan, wato namu na Holmbeck, inda kujerarsa take taku uku daga layin gefe. Ana haka aka jefa ƙuri'ar gasar kofi, wadda ake haɗa manya da ƙanana, sai ƙuri'a ta ce Aldermoor za su zo Holmbeck a watan Janairu. Gari ya ruɗe da murna. Ni kuwa na dafe kai, don a cikin duk tsofaffin ƙungiyoyin Tamsin babu wadda ta kai Holmbeck tsufa.

Na kira ta.

"Kin ji abin da likita ta ce. Wannan ne karo na ƙarshe. Idan kin ci, ki yi masa rawarsa."

Na ji tana jan hanci. "Gwaggo, a Holmbeck? A gaban Mista Pogson da ya saya mini takalmin farko? A kan Shona?" Shona ita ce mai tsaron ragar Holmbeck, tare suka yi firamare, benci ɗaya.

"Shona ba za ta mutu ba."

"Idan kwamitin ƙungiyar Holmbeck ya ba ni izini, zan yi. Amma ba zan yi gaban kaina ba."

Saboda haka ranar Talata da yamma na sa rigar zuwa coci na tafi taron kwamiti. Su biyar ne a kewaye da tebur, kofin yana bayansu a akwatinsa yana ƙyalli. Na yi bayani tiryan-tiryan. Kowa ya girgiza kai cikin tausayi, don babu wanda bai san Baba ba. Mista Pogson ya cire tabarau ya goge.

"Glenda, wallahi zuciyata tana tare da ke. Amma ki duba. Mu ba mu hana ta ba."

"To ku ba ta izini."

"Ai nan matsalar take. Ba a ba da izinin abin da ba a hana ba. Idan muka rubuta cewa mun yarda, ya nuna da can mun hana ke nan. Holmbeck kuwa ba ta taɓa hana kowa rawa ba."

"To ku hana ta yanzu, bayan minti biyar ku ɗage hanin!"

Ma'aji ya ce wannan shawara ce mai ma'ana, amma sabuwar doka sai an ba da sanarwar kwana ashirin da ɗaya. Wasa kuwa saura kwana goma sha ɗaya. Wata ta ce a kafa ƙaramin kwamiti. Aka kafa, mutum uku, aka sa ranar zamansu na farko a watan Maris. Sannan Mista Pogson ya miƙo mini faranti ya ce, "Biskit?"

Na ɗauki guda huɗu don haushi.

Ranar wasa aka tashi da yayyafi da iska mai shiga ƙashi. Mutum dubu ɗaya da ɗari biyu suka cika filin da ya saba ganin ɗari da hamsin. Mitfai ya ƙare tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Na zaunar da Baba a kujerarsa ta gaba, na lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Da na zo gyara bargon na ji wani abu ya yi ƙara. Ashe ya ɗaura ƙararrawarsa a ƙarƙashin wando.

"Baba, wannan fa?"

"Sanyi suke tare mini," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Rumfata tana bayansa kaɗan, kusa da ɗan ɗakin da Mista Pogson yake zama da makirfo yana sanar da canjin 'yan wasa da motar da ta tare hanya. Daga nan nake yi wa Baba ihun abin da ke faruwa. 'Yan matanmu kuwa ranar kamar an canza su. Malamar makaranta, ma'aikatan jinya biyu, mai gyaran gashi, suka tsare ƙwararrun Aldermoor suka hana su sakat. Shona ta kaɗe wannan, ta cafke wancan, har da fuska ta tare ɗaya. Tamsin ta samu dama biyu ta zubar, kuma na san ta, rabin zuciyarta ba ta so ta ci. Minti tamanin, babu ci. Na fara tunanin ma gara haka, kowa ya huta.

Minti tamanin da bakwai aka bugo kwana. Ƙwallo ya daki kan wata, ya daki gwiwar wata, ya faɗo gaban ƙafar hagun Tamsin, taku biyar daga raga. Ko da tana so ta zubar, ƙafar ba ta nemi shawararta ba. Raga ta motsa.

Magoya bayan Aldermoor suka ɓarke da ihu a can gefensu. Namu suka yi tsit. Tamsin ta tsaya a gaban Shona da ke kwance cikin taɓo, ta ɗaga hannuwa biyu, ta sunkuyar da kai. Daga inda nake ina ganin bakin hankicin ya leƙo daga safarta, kafaɗunta suna rawa don kuka.

Baba ya juyo wajen rumfata, idonsa yana neman inda nake.

"Glenda, ita ce ta ci?"

"Ita ce, Baba."

"Tana yi?"

Da na ce masa tana yi, da ya yarda. Zai yi murmushi, ya ce madalla, mu koma gida. Na buɗe baki zan yi ƙaryar, sai na ga ya zaro ƙafafunsa daga bargo ya dasa su a ƙasa, ya shirya. Ban san lokacin da na hau kan akwatin lemo na janyo gwangwanin biskit daga ƙurya ba. Na banka ƙofar ɗakin sanarwa. Mista Pogson ya buɗe baki ke nan zai faɗi sunan wadda ta ci, na fizge makirfon.

"Jama'a, Glenda ce mai shayi." Muryata ta karaɗe filin har da amsa-kuwa. "Tamsin Oldroyd ba ta taɓa zama 'yar wasan Holmbeck ba. Ko na rana ɗaya. Ga takardar rajistarta nan a hannuna, ban taɓa aikawa ba, shekara goma sha huɗu tana cikin gwangwanin biskit. Holmbeck ba tsohuwar ƙungiyarta ba ce. Baƙuwa ce. Ke Tamsin, kin ji ni, ba ki da wata hujja. Kuma mai jar mota a bakin ƙofa ya zo ya matsar da ita."

Na ƙara maganar motar ne don na ga an rubuta a takardar gaban Mista Pogson, kuma bakina ya ƙi tsayawa.

Mista Pogson ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya karanta, ya juya bayanta, ya dubi kan sarkin. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce da ƙaramar murya, "Kofin, Glenda." Na ce, "Na sani." Ya zauna a hankali kan kujera. Ya ba ni tausayi sosai, amma ban ba shi haƙuri ba, kuma a garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A fili kuwa kowa ya daskare. Alƙaliyar wasa ta sa usur a baki ta manta ba ta busa ba. Tamsin ta sauke hannuwa rabi, tana kallon rumfata, tana kallon Shona. Na san abin da take jira. Takarda ba za ta ishe ta ba.

Shona ta tashi daga taɓo, ta share fuska da safar hannu, ta ƙare mata kallo sama da ƙasa. Filin ya yi shirun da har mu muna jin ta.

"Baiwar Allah, daga ina? Ni ban san ki ba."

"Shona..."

"Na ce ban taɓa ganin ki ba. Kin zo garin mutane kin ci su, kin tsaya kina mana kuka a gaban raga. Dalla tafi can ki yi rawarki ki ba mu wuri!" Ta sunkuya da kanta ta zaro hankicin biyu daga safar Tamsin, ta danƙa mata, ta juya ta ta tura ƙeyarta.

Tamsin ta ruga. Ba wajen magoya bayan Aldermoor ta nufa ba, ba wajen masu ɗaukar hoto ba. Ta zo har layin gefe, ta tsallake shi, ta tsaya daf da gwiwoyin kakanta, kusan tana taka masa takalmi. Ta ɗaga hankicin sama. Ba ta da ƙararrawa, doka ba ta yarda a shiga fili da su ba. Sai Baba ya fara buga ƙafafunsa a ƙasa daga zaune, cas, cas, cas-cas. Misis Tansley ta zaro makullan gidanta ta shiga kaɗawa. Na kusa da ita ya zaro na mota. Kafin ka ce me, mutum dubu suna kaɗa makullai, har da waɗanda aka ci, har da malamar makarantar da ta yi minti tamanin da bakwai tana shurin Tamsin.

Ta yi rawar. Ƙatuwar 'yar wasa jiƙe da taɓo, majina da hawaye a fuska, tana tsalle da hankici biyu masu ƙonannen gefe. Na gaya muku tun farko rawar nan ba kyau gare ta ba, kuma ranar ma ba ta yi kyau ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin sanarwa ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Ta yi zagaye uku cif, ta yi tsallen ƙarshe, ta durƙusa a gabansa tana haki. Alƙaliyar wasa, wadda ta tsaya tana jira da ladabi har aka gama, ta matso ta ɗaga mata katin gargaɗi saboda ɓata lokaci, ta ce ta yi haƙuri. Tamsin ta ce a'a, ita ce za ta ba da haƙuri.

Aka tashi ɗaya da nema. Kofin gunduma kuwa, Mista Pogson da kansa ya naɗe shi a tsummansa ya kai ofishin gunduma ranar Litinin. Suka ce ba su da takardar da ake cikewa don karɓar kofin da ya shekara goma sha biyu, ya koma da shi sai sun kafa kwamiti. Yana nan a akwatinsa. Mista Pogson yana goge shi kowace Asabar, amma ya daina gaishe ni, sai dai ya ɗaga mini hula.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da aka busa tashi, na sauko na samu Baba a kujerarsa, mutane suna wucewa suna dafa kafaɗarsa. Tamsin ta dawo ta tsuguna a gefensa, ta riƙe hannunsa. Ni tsoro nake ji in tambaya. Tun safe hazo ne a idonsa, ban sani ba ko ya ga wani abu, ko kuwa ƙarar makullai kawai ya ji ya yi mana kara. Tamsin ce ta yi ƙarfin hali.

"Kaka, ka gani?"

Baba ya ja bargonsa, ya ɓata fuska.

"Da hagu kika fara," in ji shi. "Shekara goma sha shida ina gaya miki da dama ake farawa."

Tamsin ta kifa kai a gwiwarsa tana dariya tana kuka, ƙararrawar tana ƙara a ƙarƙashin wandonsa. Ya karɓi hankicin biyu daga hannunta, ya ninke su a hankali, ya sa a aljihu, ya ce zai wanke ya aiko mata kafin Asabar.